Kafin Motar Ta Shirya

A Makarfi, in kana son sanin mota, ba gareji za ka je ba. Gindin darbejiyar da ke gaban shagon cajin Zakiyyu za ka nufa bayan la'asar, nan majalisar take zama. Zakiyyu ya san kowace mota da aka ƙera a duniya, ya san shekararta da girman injinta da irin man da take sha, duk daga cikin wayarsa. Abin hawansa kuwa tsohon babur ne da sai an tura yake tashi. Malam Justin tsohon direban ƙaramar hukuma ne, ya yi ritaya da ciwon baya da labarai, kuma tun da ya miƙa makullin gwamnati bai sake riƙe sitiyari ba. Na ukunsu Yahya dillali, wanda bai taɓa kallon mota ya ga abin hawa ba, sai dai ya hango ranar da za a sayar da ita.

Maiwada mai mazarƙwaila ya yi shekaru a gefen tabarmar nan yana sauraro yana gyaɗa kai. Mutum ne mai haƙuri da son a ce ya yi daidai, abin da ya fi tsoro a duniya shi ne a ce an cuce shi a ciniki. Shekarar da rake ya yi kyau kasuwa kuma ta karɓa, ya faɗa wa majalisa cewa zai sayi mota. Aka yi ta muhawara har ta kusa kai su ga faɗa, daga ƙarshe suka zaɓar masa wata 'yar Kwatano ruwan toka. Yahya ya raka shi Kano suka taho da ita, kujerunta a cikin leda, takardar Turawa manne a gilashi.

Ranar da ta shigo gida, Iya, mahaifiyar Maiwada, ta fito daga ɗaki tana dafa bango. Ta zagaya motar a hankali, ta shafa ƙofar, ta yi addu'a. Ba ta dubi ɗanta ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma Iya ta mutanen da ce, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa doguwar magana. Sai ta juya wajen matarsa Jamila.

"Ki ce wa mai gidanki, in ya samu sarari, ya kai ni wajen Yaya. Ta ga motar da idonta."

Yayar nan ita ce Inna Babba, tana aure a wani ƙauye bayan Kudan, inda kwalta ta ƙare. Ita ta karɓi Maiwada tun ranar da aka yaye shi, ta goya shi, ta riƙe shi har ya isa shiga makaranta. Ita ta laƙaba masa Maiwada lokacin da ko wando ba ya da shi. Yanzu ƙafafu sun kama ta, ba ta fita ko ƙofar gida. Iya kuma bayanta ya daina jure babur, don haka an daɗe 'yan'uwan ba su ga juna ba sai dai murya a waya.

"Gobe ma, in Allah ya kai mu," in ji Maiwada, kuma har zuciyarsa ya faɗa.

Da la'asar ya kai motar majalisa a sa albarka. Zakiyyu ya tsuguna ya haska tayoyin da fitilar waya, alhali rana ba ta faɗi ba, ya miƙe yana girgiza kai.

"Mutumina, kada ka kuskura ka ɗauki tsohuwa a kan waɗannan. Tayoyin ƙasar sanyi ne, suna jin zafin kwaltarmu za su fashe. Tun da za a canza ma, a haɗa da rim, ƙarafunan tayoyin, a sa manya masu walƙiya. Waɗannan na kanta ai na 'yan tasi ne."

Maiwada ya ji an ambaci tsohuwa da fashewa, nan take ya amince. Aka aika Zariya, aka jira, aka kawo rim ɗin da siraran tayoyi. Motar ta fito tsaf, ta zauna daf da ƙasa kamar kaza a kan ƙwai. Yara suka bi ta da gudu har bakin kasuwa.

Malam Justin ya bar su suka gama yabo, sannan ya gyara zama.

"Ta yi kyau, ban ƙi ba. Amma ni na san hanyar bayan Kudan, na kai taki can lokacin ina aiki. Akwai wani kwari da za ka sauka kafin ka hau. Wannan tana shiga cikinta zai daki ƙasa, mai ya tsiyaye, inji ya buga. Sai an ɗaga ta."

Aka kai ta wurin makanike aka ɗaga ta. Da ta dawo, Zakiyyu ya ce yanzu ta yi tsayi da yawa, za ta riƙa lilo a kwana, dole a canza shokozoba. Ya nuna musu bidiyon wani Bature yana bayani, ba wanda ya ji abin da yake faɗa, amma kowa ya yarda hujja ce. Kafin shokozoba ta iso, aka lura gilashin a fili yake, rana za ta ci ledar kujeru, sai an sa masa duhu. Kowace shawara gaskiya ce in ka ɗauke ta ita kaɗai, abin da ya sa Maiwada bai taɓa gane inda suka dosa da shi ba ke nan.

Abu ɗaya dukansu suka yi ittifaƙi a kai: motar da ba a hawa sai ana tayar da ita kullum da safe ta yi ɗumi, don kada batir ya kwanta. Maiwada bai taɓa fashi ba. Yana dawowa daga masallaci zai yaye tamfol, ya goge ta, ya tayar, ya zauna a ciki yana sauraron inji. Kwanakin farko, Iya na jin ƙarar sai ta yafa mayafi ta ɗauki ƙullin tsarabarta ta zauna a bakin ƙofar ɗaki. Daddawa ce a ciki da kuka da mazarƙwaila da ɗan man shanu a roba. Idan inji ya yi shiru, sai ta tashi ta koma ciki. Daga baya ta daina yafa mayafin. Ƙullin dai yana nan a kan fanteka, duk bayan kwana biyu takan kwance ta canza abin da ya fara lalacewa.

Jamila ce ba ta da wannan kunyar.

"Malam, wai motar nan amarya ce da ba ta fita? Iya fa tana jira."

"Ke ba ki san mota ba. Ana shirya ta ne. So kike in jefa su a kwari?"

Ya ji nauyin maganar duk da haka, ya ce zai ɗauko shatar mota ta kai Iya. Jamila ta kai saƙo, ta dawo da amsa: Iya ta ce ta riga ta gaya wa Yaya a motar gida za ta zo, kuma Yaya ta gaya wa duk ƙauyen. Ba za ta sauka daga ta haya a ƙofar gidan ba.

Inna Babba kuwa takan sa ɗanta Abdulrahman ya kira mata Maiwada. Bayan doguwar gaisuwa sai ta ce, "Maiwadana, motar ta warke?" Ita a zatonta ciwo motar take yi. Ya yi dariya ya ce saura kaɗan, Inna. Ta ce, "To, Allah ya ba ta lafiya. Ni dai gaba zan zauna, uwarka ta zauna a baya, ka zagaya da mu har bakin fadama."

Sai damina ta faɗi. Majalisa ta koma cikin rumfar shago, kuma a nan Yahya dillali, wanda ya daɗe yana jiran lokacinsa, ya yi magana.

"Maiwada, in gaya maka gaskiya? Duk wahalar nan don ba motar ƙauye ka saya ba. Jif ta dace da kai. Wannan kuwa yanzu ta kai inda ake so, kamar yau ta sauka daga jirgi. Ka bar ni in nemo mai saye, ka cika kaɗan ka hau babba. Ita za ta kai Iya har ƙofar ɗaki, ko ana ruwa. Amma sharaɗi ɗaya: kada jar ƙasa ta taɓa cikinta, kada mita ta ƙaru, kada a cire leda. Mai saye ƙasan mota yake fara leƙawa."

Zakiyyu ya riga ya buɗe hoton jif ɗin a waya. Malam Justin ya ce irinta shugaban ƙaramar hukuma yake hawa a zamaninsa. Maiwada ya hango kansa a ciki, Inna Babba a gefensa a can sama tana ɗaga wa mutane hannu, ya ji har ya ƙosa. Ya gaya wa kansa cewa don su yake yi, kuma rabin maganar gaskiya ne.

Masu saye suka yi ta zuwa. Kowa ya leƙa ƙasa, ya ƙwanƙwasa bodi, ya yaba tsabta, ya taya abin da Yahya zai ce raini ne. Damina ta wuce, aka cire masara, aka fara saran rake. Abdulrahman ya kira ya ce jikin Inna ya ɗan matsa, ba ta son abinci. Maiwada ya hau babur shi kaɗai da niyyar zuwa, ya kai har tasha, sai ya tuna tambayar da za ta yi masa tana ganinsa a kan babur. Kunya ta kama shi, ya juyo. Ya aika kuɗin magani, ya ce sati mai zuwa, don Yahya ya ce akwai wani Alhaji daga Ikara da ya kusa saye.

Ranar Laraba, ranar kasuwa, yana zaune a cikin motar tana ɗumi, wayarsa ta yi ƙara. Abdulrahman ne. Inna ta cika da asuba, za a yi jana'iza da hantsi, suna jiran Iya ta zo ta gan ta kafin a rufe.

Maiwada bai kashe injin ba. Ya shiga ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya, kafin ya buɗe baki ta gani a fuskarsa. Ta yi salati a hankali, ta yafa mayafi. Hannunta ya kai kan ƙullin tsarabar saboda sabo, ta ɗauka. Jamila ta buɗe mata ƙofar baya, ita ma ta shiga kusa da ita. Kujerar gaba ba wanda ya zauna.

Sun zo wucewa ta gaban shagon caji, Zakiyyu yana buɗe ƙofa. Bai san abin da ya faru ba, ya ɗaga hannu yana kira, "A hankali a kan tudun nan, mutumina, shokozobar sabuwa ce." Maiwada bai waiwaya ba.

Suka bar kwalta, jar ƙasa ta turnuƙe bayansu. Kwarin da Malam Justin ya yi wata da watanni yana ba da labarinsa, ashe an cike shi tun bara, an sa kwalbati. Motar ta wuce ko gezau ba ta yi ba. Ba ta yi lilo ba, taya bai fashe ba, cikinta bai taɓa komai ba. Tafiya take lafiya lau, kuma wannan lafiyar ita ta fi yi wa Maiwada ciwo. Da ma ta lalace a hanya, da ya samu abin da zai riƙe.

Mutane sun cika ƙofar gidan. Maiwada yana neman inda zai raɓa, sai Abdulrahman ya fito, idonsa jawur, ya yi masa nuni da wani fili a gefen zaure. An share shi, an zuba masa marmara an daddaɓe, an jera duwatsu a gefe. Reshen mangwaron da ya sunkuyo kansa an sare shi, har wurin saran ya bushe ya fara sabon toho.

"Nan za ka ajiye, Yaya," in ji Abdulrahman. "Ita ta sa muka gyara tun kafin ruwan fari. Ta ce kada motarka ta ƙwarzane. Kullum sai ta tambaya ko an share."

Maiwada ya shiga filin, ya yi daidai da motar kamar an auna. Ya kashe inji. Hannuwansa suna kan sitiyari, ya kasa sauke su.

Iya ba ta fita nan take ba. Ta dubi ƙofar gidan ta cikin gilashin nan mai duhu, ta dubi hanyar da suka biyo. Sannan ta yi magana, ba ta Jamila ta bi ba wannan karon, shi ta yi wa kai tsaye.

"Ashe kusa ne."

Ta buɗe ƙofa, ta sauke ƙafa ɗaya. Sai ta dubi ƙullin da ke cinyarta, ta ga babu wanda za ta kai wa. Ta ɗaga shi za ta ajiye a kan kujera, ta tsaya, hannunta a sama.

"Akwai man shanu a ciki," ta ce. "In bari a nan, ko zai ɓata maka ledar?"