Kaset na Arba'in da Bakwai

"Saka na gaba," Injiniya ya ce daga kan gado.

Tela ya zura fensir a ramin kaset ɗin, ya murɗa zaren da ya saki, ya tura shi cikin rikoda. Kwana huɗu ke nan yana rufe shago bayan azahar ya shigo gidan maƙwabcinsa. Injiniya ya yi shekara goma sha tara yana ɗaukar sauti a gidan rediyon jiha, duk gangamin neman zaɓe da jawabin gwamna sai da ya bi ta na'urarsa. Yanzu ido ya tafi, ƙirji ya ƙi. Ma'aikatan gidan adana tarihi za su zo ranar Alhamis su kwashe kwalayen, shi kuwa ya rantse ba kaset ɗin da zai fita ba rubutu a jikinsa. 'Yarsa Auta tana aikin asibiti, shi ya sa ta roƙi Tela ya riƙa rubuta masa.

Ihun jama'a ya cika ɗakin, wata murya tana alkawarin gada.

"Gwamna na biyu, filin ƙwallo. Gadar nan su uku suka yi alkawarinta, har yau da kwalekwale ake tsallakawa." Injiniya ya yi dariya har ta koma tari. "Na gaba."

Na arba'in da bakwai ne. Wani matashi yana zuga taro, muryarsa na fashewa a lasifika: "Akwai wani maci amana a gidan rediyo! An ce ya goge maganar da maigida ya yi a ɓoye, ya ƙi! Mai ɗaukar sauti, mun san ka! Ranar da muka hau, ka tattara komatsanka!"

Fensirin ya faɗi daga hannun Tela. Muryarsa ce. Shekara talatin da suka wuce, kafin ya koyi ɗinki, shi ne mai sanarwar ɗan takara. Takarda aka miƙo masa, ya karanta, ya ƙara gishiri don a yi masa tafi. Bayan zaɓe aka kori mai ɗaukar sautin. Shekara goma bayan haka Tela ya kama shago a wannan layi, ya gane wane ne maƙwabcinsa, ya ja bakinsa ya yi shiru.

"Ka kusanta baki da makirufo da yawa," Injiniya ya ce. "Shi ya sa muryar take fashewa."

Tela ya kashe rikodar. "Yaya... ka sani?"

"Tun ranar da ka yi mini sallama kana neman aron tsani. Ni da kunne na ci abinci, Tela."

"Shekara ashirin ba ka taɓa cewa komai ba."

"In ce me? Kai ka ɗinka wa Auta kayan makaranta. Kai ka ɗauki uwarta zuwa asibiti." Ya numfasa. "Rubuta. Filin tasha, ranar rufe kamfe. Sai sunan mai magana."

Tela ya ɗauki biro. Ya rubuta fili, ya rubuta rana. Ya tuna an ce za a sa kaset ɗin nan inda kowa zai iya saurare, har jikokinsa. Ya dubi idanun tsohon da ba sa gani, ya rubuta: wani mai sanarwa.

"Ka rubuta?"

"Na rubuta."

"Madalla. Gobe mu ƙarasa."

Washegari Tela bai shiga ba. Ya ce wa matarsa ɗinki ya yi masa yawa. Yana jin tarin Injiniya ta bango, sai ya ƙara taka keke don ƙararsa ta rufe. Har Auta ta leƙo ta ce, "Kawu, Baba na tambayarka." Ya ce yana nan tafe. Bai je ba.

Ranar Laraba da hantsi Injiniya ya cika. Auta ce kaɗai a kansa. Ta ce ruwa ya nema, kafin ta dawo da kofi ya tafi.

Ma'aikatan ba su ji labari ba, suka zo ranar Alhamis da motarsu. Suka so su juya, Auta ta ce su ɗauka, burinsa ke nan. Suna fito da kwali na uku Tela ya tare ƙofa.

"Ku ɗan ajiye. Akwai gyara."

Ya lalubo kaset ɗin, ya soke abin da ya rubuta, ya sa sunansa cikakke har da na mahaifinsa. Rubutun ya karkace. Auta ta karɓa ta duba.

"Kawu, me kake yi a ciki?"

"Ni na sa aka kori babanki."

"Shekarar da aka fitar da mu daga gidan ma'aikata? Muka kwana biyu da kayanmu a barandar makaranta?"

"Ita."

"Ya sani?"

"Ya sani. Ya ce in rubuta sunana, na ce masa na rubuta. Ƙarya na yi masa. Maganata ta ƙarshe da shi ke nan."

Auta ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Da zagin ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta mayar da kaset ɗin cikin kwali, ta ce wa ma'aikacin, "Ku tafi da shi." Ta shige ciki.

Tela ya koma shago ya zauna a gaban keke. Sau uku yana kai zare bakin allura yana kuskure. Sai ya ajiye hannuwansa a kan cinya. Ta bayan bango yana jin Auta tana share ɗakin, tsintsiya na tafiya a hankali, tana tsayawa, tana ci gaba.