Yatsan Maigidana a Bututun Gidan Wuta

Jiya da dare, ko ɗankwali ban cire ba, mafarki ya ɗauke ni ya dire ni da rana tsaka a ƙofar tsohon gidan wutar lantarkin nan na bakin kogi.

Gidan nan mai dogayen bututu biyu, wanda amare ke zuwa ɗaukar hoto a gabansa, maigidana na cikin waɗanda suka ɗora jan bulonsa. Shekara talatin ke nan da kashe injinansa. Bana aka manna masa allon tagulla da sunayen magina. Autata ta karanta mini har sau biyu, babu nasa. Sau huɗu ina zuwa ofis ana ce mini in dawo.

A mafarkin kogin gudu yake da baya, yana mayar wa mata wankinsu da dauɗarsa. Bututun kuma zuƙar gajimare suke yi. Na shiga. Wata tarwaɗa ce a bayan tebur da tabarau, gashin bakinta cikin kofin shayi.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya."

Na ce, "Ban je ba tukuna. Ina sunan maigidana?"

"Wannan ai mai sauƙi ne. Faɗi sunan mu rubuta."

Na buɗe baki na rufe. Shekara arba'in da ɗaya muna tare ban taɓa kama sunan mutumin nan ba, ko ranar da ya sayar mini da tunkiya bai gaya mini ba. Don ya kwanta dama sai in furta shi a gaban kifi?

"Rubuta Malam."

"Malamai dubu tara ne a garin nan, Iya."

"To, Baban Auta."

"Kowane gida da autarsa."

"Dogon nan mai tsagaggen babban yatsa."

Ta jawo fayil, ta duba, ta haɗiye shi. "Babu."

Na cire takalmi zan kwaɗa mata, sai ginin ya yi gyaran murya. Ya durƙusa kamar mai gaida suruka, har bututunsa ya taɓo ruwa.

Ya ce, "Iya, ƙyale ta, jiya ta kama aiki. Ni ma ban iya karatu ba. Allon nan ƙaiƙayi kawai yake mini. Hau."

Sai ga ni a wuyan bututu, gari duk yana ƙarƙashina, shirwa na neman izinin wucewa.

"Ni da yatsa na san mutanena," in ji ginin. "Kowane magini in zai tashi aiki sai ya dangwala a ɗanyen siminti. Duba."

Na duba. Yatsu ne birjik har sama. Can na gan shi, mai tsaga a tsakiya, inda wuƙar yankan farce ta same shi yana ango. Na bi shi layi bayan layi, ga shi, ga shi, har inda hayaƙi ke fita. Na sa nawa a ciki. Da ɗumi.

"Layinsa bai taɓa tsagewa ba," in ji ginin. "Ke kin yi kunyarki. Bari ni in faɗa."

Injinan suka tashi. Fitilun gari suka kama da rana. Jiniyar da ke kiran ma'aikata ta ja dogon numfashi ta kira, "Sallau." Sau uku. Kasuwa ta ji, masu kwalekwale suka ji, tarwaɗa ta leƙo ta taga tana neman biro. Ni na ja mayafi na rufe fuska ina dariya, ina cewa na gode, Allah ya ja kwananka, Allah ya tsare ka daga masu rushewa.

Jiniyar ta ƙi tsayawa. Na buɗe ido, ashe injin markaɗen Talatu maƙwabciyata ne, ta fara waken ƙosai. Babban yatsana na danne a jikin bango. Na bar shi a nan har ta gama.