Lita Goma Sha Shida

Rudecindo, wani ɗan unguwarmu, ya tsotsi tiyon har fetur ya shiga bakinsa, ya tofar a ƙasa, ya yi sauri ya cusa bakin tiyon cikin galan. Janaretan makaranta muke tatsa. Abin da ya fito bai kai lita uku ba.

"Iyakarsa ke nan," in ji shi, yana goge baki da hannun riga. "Motocin garin nan duk 'yan gas ne, ba fetur ba. Sai babur ɗin surukina, shi ma ba na jin akwai abin kirki a ciki."

"Je ka tatso," na ce.

Kwana shida ke nan tankar mai ba ta zo garinmu ba, gidan mai ɗayan da muke da shi an ɗaure bakin famfonsa da leda. Motar asibiti kuma ta tafi tun asuba da wata mai naƙuda, ta yi gabas, likita na ciki. Shi kuwa maƙwabcina Don Eleuterio yana zaune a kicin ɗinsa dafe da ƙirji, fuskarsa ta koma kalar toka. Zulema, nas ɗinmu, ta sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe, ta ja ni waje ta ce zuciya ce, a kai shi asibitin birnin Esquel yanzu. Ita ba za ta iya barin ɗakin magani babu kowa ba. Daga garinmu zuwa Esquel kilomita ɗari da tamanin ne, kuma babu gidan mai a tsakani.

Shekara ashirin da biyu shingen waya ne kawai tsakanin gidana da nasu. Don Eleuterio ya yi shekara talatin yana kai wasiƙu da gari da sukari gonakin tumaki a tsohuwar motarsa Renault. Da yanar ido ta rufe masa gani, shekara biyu da suka wuce, sai ya miƙo min makulli ta saman shinge ya ce, "Mirta, tunda kin tashi daga girkin makaranta ba ki da aikin yi sai kallon taga, zo in koya miki." A wajensa na koyi tuƙi, kuma ban taɓa tuƙa shi ya yi shiru na minti biyar ba. Kada ki dumama inji a tsaye. Ki shiga giya ta huɗu da wuri. In kin hango tumaki ki ɗaga ƙafa daga totur tun daga nesa, duk birkin da kika taka mai ne kika zubar. Takardar da ta zo da motar tana nan a aljihun ƙofa, yakan ɗauko ta ya kaɗa min. "Wai kilomita goma sha biyar a lita. A ina suka gwada? A cikin ɗaki. Su zo nan su gwada, iska na marin goshinsu."

Da muka fito da shi, ni da Rudecindo muna riƙe da shi ta hammata, ya tsaya a bakin motar yana numfashi sama-sama.

"Nawa kuka samo?"

"Huɗu, har da na babur."

"Akwai goma sha biyu a ciki. Goma sha shida ke nan." Ya ɗaga kai yana sauraron kwanon rufin da iska ke bugawa. "Daga yamma take. A gabanmu za ta kasance har mu isa. A cire ƙarfen saman nan. Itacen da ke but ɗin baya ma a sauke, da akwatin sifana."

Matarsa Doña Nélida ta fito da bargo a hannu. "Tsoho, mutuwa kake yi kana zancen ƙarfe."

"In ba a cire ba, a daji zan yi ta."

Rudecindo ya kwance ƙarfen ɗaura kaya ya jefar gefen shinge, ya ƙara wa tayar baya iska da famfon ƙafa. Ya so ya bi mu, Don Eleuterio ya ce a'a, nauyinsa ya kai buhun siminti biyu. Muka kwantar masa da kujerar gaba. Doña Nélida ta shiga baya, ta sa tafukanta biyu a gefen kansa. Ƙarfe goma da kwata muka bar gari.

Kilomita talatin ɗin farko tsakuwa ce. Da muka hau kwalta iskar ta same mu gaba da gaba, na ji sitiyarin yana rawa a hannuna. Babu komai a hanyar sai gajerun ƙayoyi da turakun waya. Ban san lokacin da ƙafata ta nutse ba, sai na ga allura ta wuce ɗari.

"Maƙwabciya," ya ce, idonsa a rufe. "Tseren doki ake yi?"

"A'a, Don Eleuterio."

"Ina jin kukan injin. Saba'in."

"Ƙyale shi, Mirta," in ji Doña Nélida daga baya. "Taka. Ba ki ga yadda yake gumi ba?"

"In ta taka, tsohuwa, a kilomita ɗari da arba'in za mu tsaya. Kin san abin da ke wurin? Dutse ɗaya da matacciyar tunkiya. Waya ba ta kamawa. Mota takan wuce sau uku a wuni." Ya huta. "A saba'in za mu kai. Da ƙyar, amma za mu kai."

Na ɗaga ƙafa. Allurar ta sauko a hankali, casa'in, tamanin, ta zauna a saba'in. A wannan filin saba'in kamar tsayuwa ce. Turakun wayar suna zuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da gaggawa ba. Doña Nélida ta fara addu'a ƙasa-ƙasa, sai ta katse ta ce, "Shekara arba'in da shida yana kai ni ko'ina a makare. Ɗaurin auren ƙanwata ma an gama muka isa."

"Amma kin taɓa tura mota?"

"Da na tura sau ɗaya da ya fi min."

Ya yi wata 'yar dariya da ta zama tari. Na miƙa hannu zan sauke gilashi ya sha iska, ya ce a bar shi a rufe, buɗaɗɗen gilashi yana jan mota baya. Doña Nélida ta jiƙa hankici daga gorar ruwa tana shafa masa goshi.

A hawan farko ya ce kada in jira motar ta gaji, in ɗan ƙara tun daga ƙasa sannan in bar ta ta hau da kanta, ko da za ta sauko hamsin. A gangara ya ce in ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Na yi yadda ya ce. Idona yana kan kwalta, daga can ya koma kan allurar mai, daga can ya koma kwalta. Ban ji tsoro ba. Ban ji komai ba, sai ƙafata ta dama da ta fara sanƙarewa saboda riƙe totur a wuri ɗaya.

"Mirta."

"Na'am."

"Tayar hagu ta gaba ta fara cinyewa ta ciki. Ki sa a duba."

"To."

"Kada ki bari Rudecindo ya taɓa kafireto. Bai iya ba."

"To, Don Eleuterio."

Mun wuce wata babbar mota da ta fito daga Esquel, direban ya ɗaga mana hannu. Doña Nélida ta ce da mun tsayar da shi. Na ce gas yake sha, kuma gabas ya nufa. Ta koma shafa masa goshi.

Bayan wata gada akwai doguwar gangara mai lanƙwasa a ƙarshe. Na shiga lanƙwasar da gudu fiye da kima, na taka birki da ƙarfi har gorar ruwa ta faɗo ƙasa. Na jira ya yi magana. Bai yi ba. Na waiga. Bakinsa a ɗan buɗe yake, hannun da ke kan ƙirji ya zame zuwa cinya. Na duba madubi. Doña Nélida tana kallona ta ciki, tafukanta har yanzu a gefen kansa.

"Barci yake," ta ce.

Na duba lambar kilomita. Ɗari da talatin.

"In tsaya, Doña Nélida?"

"Ki tsaya ki yi me? Tafi."

Na ci gaba. Na yi tunanin takawa, amma allurar mai ta riga ta kwanta kan ja, ga sauran kilomita hamsin. Na riƙe saba'in. Minti arba'in muka yi a haka. Ta ja bargon ta rufe masa ƙirji har wuya. Wani lokaci nakan ji tana gyara masa gashi da yatsa.

Ɗaya saura minti goma muka tsaya a ƙofar asibiti. Mutum biyu suka fito da gadon turawa, suka ɗauke shi da sauri, muka bi su har wata ƙofa da aka ce mu tsaya. Ba a daɗe ba wata likita, yarinya ce sa'ar 'yata, ta fito ta riƙe hannun Doña Nélida ta ce ya riga ya cika kafin mu iso. Doña Nélida ta ce ta sani. Aka ba ta takardu ta sa hannu, aka ce masu kula da gawa za su kawo shi gida gobe. Aka miƙo mata leda da rigarsa ta sanyi da agogonsa da takalmansa. Na buga wa ɗansu Anselmo waya a garin Comodoro inda yake zaune, na faɗa masa. Ya tambaye ni sau biyu ko da gaske nake, na ce da gaske. Muryata ta fito kamar ina karanta sanarwa.

Dole mu koma ranar, don a share gida a shirya kujeru. Na tayar da motar na lallaɓa zuwa gidan mai na farko. Mai zuba man wani dattijo ne mai hular ulu.

"A cika?"

"A cika."

Ya jingina da motar yana kallon famfo. "Irin waɗannan sun yi ƙaranci yanzu. Ubana ya yi irinta. Daga ina?"

Na faɗa masa sunan garinmu.

"A wannan iskar? Kun yi ƙoƙari." Famfon ya tsaya, ya ƙara matsawa har man ya leƙo bakin tanki. "Arba'in da biyar."

Tankin lita hamsin yake ci. Na tsaya da makullin murfin a hannu. Saura biyar ke nan a ciki da muka iso. Ko dai ba goma sha biyu ba ne tun farko, ko kuwa na tuƙa ta fiye da yadda ya zata zan iya. Na yi lissafin a tsaye a wurin, na kuma sake yin sa sau da yawa daga baya. Da lita biyar ɗin nan da na iya riƙe casa'in. A casa'in, a lokacin da ya daina magana, da muna kilomita ɗari da sittin da wani abu. Da sauran tafiya duk da haka. Lissafin kullum a nan yake tsayawa, kuma bai taɓa sa na ji daɗi ko na ji ciwo ba.

Na shiga na zauna. Doña Nélida ba ta dawo gaba ba, tana baya, inda take tun safe.

"Nawa ta sha?"

Na yi niyyar cewa hamsin. "Arba'in da biyar," na ce.

Ta gyaɗa kai. Shekara arba'in tana shiga motar nan, ta san abin da tankin ke ci.

"Haka yake," ta ce can. "Ko gishiri ne sai ya ce ya ƙare, alhali ya ɓoye rabin leda a bayan kwano." Ta kalli waje. "Ba ke ba ce, 'yar nan. Kin ji?"

"Na ji."

"Kin ci wani abu tun safe?"

"A'a."

"Ni ma."

Babu wadda ta motsa a cikinmu. Dattijon ya zo da bokiti da soso ya fara wanke gilashin gaba ba tare da an sa shi ba. Ruwan sabulu ya rufe titi da motoci da duwatsun da ke bayan gari, yana gangarowa a hankali. A baya na ji ƙarar leda. Doña Nélida ta fito da rigar sanyin ta shimfiɗa a cinyarta, ta haɗa hannu da hannu, ta ninke ta biyu, tana cire ƙananan gashin tumaki daga wuyan rigar ɗaya bayan ɗaya.