Ta Ina Za A Shiga?

Tun da muka ɗauko Baba daga ƙauye, bayan ciwon ƙafa ya kayar da shi, bakinsa ya mutu. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu gaisuwa ma da ka yake amsawa. Abinci kuwa loma biyu, ya ture kwano. Likita ya ce ƙafa ta warke, saura zuciya, ita kuma ba shi da allurarta. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ina kallon mahaifina yana ƙarewa a kan kujerar falo.

Ni mai zane ce, da fentin mai nake aiki. Sai na ce tunda ba zai iya zuwa gonarsa ba, bari in kawo masa ita. Na kafa ƙyalle a ɗan ɗakina na kusa da kicin, na shimfiɗa kore mai duhu a gaba, tudun nan mai jan ƙasa a baya, ga mangwaron da yake hutawa a gindinsa, ga hadari yana haɗowa. Ba yabon kai ba, ban taɓa yin aiki irinsa ba. Na kawo na jingina a gabansa. Ya duba, ya duba, ya kau da kai.

Maigidana ya ce, "Anya ba gonar maƙwabci kika zana ba?" Na ce ya ji da shayinsa.

Shi fentin mai ba ya bushewa da wuri, sai ya yi kwanaki yana danƙo. Na bar zanen a falo ya sha iska, na ja kunnen kowa. Washegari me zan gani? Wani ya sa yatsa ya ja layi a tsakiyar korena, har ƙyallen yana leƙowa. Na yi kan maigidana, ya ɗaga hannuwa yana rantsuwa. Na ɗauko burushi na toshe wurin ina ƙunƙuni. Kwana ya kewayo, layi ya dawo, har ya fi na jiya tsawo.

Da azahar na fito daga kicin, sai ga ɓarawona tsaye. Baba ne, ya dogara da sanda, babban yatsansa shar da kore, yana jan layin a hankali yana karkata shi wajen mangwaro.

"Baba! Kai ne?"

Bai juyo ba. Muryar ta fito a dishe. "Uwata, kin shuke ko'ina. Ta ina za a shiga?"

Uwata yake ce min, don sunan kakata aka sa min, kuma rabon da in ji shi tun a ƙauye. Ƙwalla ta cika min ido. Ashe ni kallon gonar na zana, shi kuwa bai taɓa tsayawa kallonta ba, shigarta yake yi.

Na ce, "To ai ka ɓata min aiki."

"Ke kika toshe min hanya jiya."

Na ja masa kujera, na matsa jan fenti da fari a faranti, na miƙa masa burushi. Ya juya shi kamar an ba shi cokalin yara, ya ajiye, ya dangwala yatsa. Hanya ta bi gefen kunya, ta kewaye wani dutse da ni na manta da shi, ta tsaya a inuwa. Yana yi yana faɗa: nan maciji ya taɓa korar ƙanensa, nan mahaifiyata take ajiye masa ruwa.

Maigidana ya leƙo ya ce, "A wanke ni dai."

Baba ya goge yatsa a rigarsa, ya dubi hadarin da na zana, ya ce, "Ruwan nan zai sauko, ga aiki a gaba. Uwata, akwai sauran abincin nan?"