Wa Ya Ci Albasar Mai Adda

Ana cewa mata ba sa iya kallon jini. Wanda ya faɗi haka bai taɓa leƙa mangazar Diza, ɗakin ajiyar albasarta a Malanville, ranar Laraba bayan azahar ba. Mata shida a kan buhuna, tele guda, da fim ɗin nan na araha wanda wani ƙato mai rufaffiyar fuska ke bin mutane da adda. Jinin kamar an kwara zoɓo, gawa ma takan kyafta ido. Su kuwa dariya har da hawaye.

Ba wadda ke jin harshen fim ɗin, sai Diza ta zama bakin 'yan fim ɗin, abin da ta ga dama shi take sa musu a baki. Tun bara ta yanke cewa mai addar manomin ƙauyen Garou ne, shanu suka cinye masa albasa ya haukace.

Ran nan ana tsakiyar shewa sai ga sallama. Hajiya Marka ce daga Guéné, gwaggon Bilyaminu mai neman Nafisatu, ɗiyar Diza. Su Bilyaminu makiyaya ne kaka da kakanni, kuma ita aka turo ta ga mutanen gidan kafin a kawo goro. In ta ce a'a, magana ta mutu.

Aka gaisa. Diza ta miƙa hannu za ta kashe tele.

"Bar shi," in ji Marka, ta gyara zama a kan buhu. "Wanga mi anka yi mai yake sarar bayin Allah?"

Habsatou mai tattasai, wadda bakinta ya fi hankalinta sauri, ta ce, "Ai shanun..."

Diza ta take mata ƙafa. "Dorina ce, Hajiya. Ta hito kogi ta tattake mai gona."

Marka ta juyo ta dubi Diza.

"Dorina. Shekara sittin ina bayan shanu, ban taɓa jin wanda ya ɗau adda don dorina ba. Shanu ne. In na ƙanena Oumarou ne ban yi mamaki ba, masu kiwonai kwana sukai a tsaye." Sai ta zabura ta nuna tele. "Ke 'yar nan! Kina ganin ƙohwa buɗe, ba mai amsa sallama, ki shiga? Wa ya rene ki?"

Aka kwashe da dariya. Diza ba ta yi ba, har yanzu ba ta san inda ta tsaya ba.

Sai da aka kira la'asar Marka ta miƙe tana kakkaɓe ɓawon albasa daga zanenta. Diza ta raka ta bakin hanya, inda masu babur ke jira.

"Kin ɗora ma dorina laihi don kar in ji kunya," in ji Marka. "Na gani. Juma'a goro na tahe." Ta hau babur, ta waiwayo. "Shi ko mai addar, ki ce mai ya kai ƙara gun maigari. Muna biyan ɓarna."