Baba Owiti Ba Lebura Ba Ne

"Ka dangwala kawai, Baba, a wuce wurin," in ji Okumu foman, mai kula da ma'aikatan gini. Yana tsaye a bakin ƙofa ya toshe hanci da hankici, sai ka ce tarin da ke cin Baba Owiti zai yi tsalle ya kama shi. Takardar ma bai iya kai ta gado ba, ni ya miƙa wa, da yake na shigo da kofin kunun tamba.

Baba Owiti ya ɗago kai da ƙyar ya kira sunana. "Nyar Seme, idona ya yi rauni. Karanta mini abin da suka rubuta a gaban sunana."

Na duba. "Sun ce lebura, ɗan aikin yini."

"To mayar masa da abarsa."

"Haba Baba," Okumu ya ce, "kuɗin magani ne fa, oga ne ya tausaya maka. Kalma ɗaya tak, me za ta rage ka da shi?"

"In kalma ɗaya ce tak, biro na aljihunka. Goge ka rubuta magini, yanzun nan in dangwala maka da duka yatsu goma."

Matar Baba Owiti, Nyar Alego, tana zaune a ƙasa tana tsince tsakuwa daga busassun ƙananan kifi, ba ta ɗago ba. Okumu ya ninke takardar ya ce zai dawo idan hankali ya dawo gidan. Na bi shi da harara har ya tsallake kwatar tsakar gida.

Shekara goma sha ɗaya muna ƙofa da ƙofa da Baba Owiti a unguwar Nyalenda, bango ɗaya ya raba mu, tarinsa ma da shi nake sanin gari ya waye. Shekara talatin yana sassaƙa dutse yana ɗora shi. Da aka ba wani ɗan kwangila aikin ƙaramin asibitin gwamnati a bayan kasuwa, shi aka fara nema, domin kowa ya san in Owiti ya ja kusurwa ba a sake duba ta. Ni kuma a bakin ginin nake sayar da shayi da dafaffen wake da masara, don haka abin da zan faɗa da idona na gani.

A ƙofar shiga akwai allo babba da gwamnati ta sa a kafa. An jera a kai: magini ga abin da za a ba shi a yini, kafinta ga nasa, lebura ga nasa. Sharaɗin kwangilar ke nan, kuma a kan haka ake biyan ɗan kwangila. Allon yana nan fes, kullum sai an goge shi. Amma magina shida da suka tayar da ginin nan tun daga tushe, kaf ɗinsu leburori ne a littafin kamfani. To su wane ne maginan da aka rubuta? Surukin oga, da ɗan ƙanwarsa, da wasu da ban taɓa ganin siminti a farcensu ba. Su ke da takardar shaida mai hatimi. Baba Owiti kuwa a hannun mahaifinsa ya koya, ba shi da ko guntuwar takarda.

Ranar da sufeton kwadago zai zo, tun da safe Okumu ya tara su. Ya fito da buhun hulunan kwano, shuɗi na magina, rawaya na leburori. Ya ce duk wanda aka kama yana gini babu takardar shaida, gwamnati za ta kore shi nan take, har ma a ci shi tara. Ƙarya ce tsagwaronta, amma wa zai tsaya bincike da ciki babu komai? Aka karɓe cokalin ginin Baba Owiti aka danƙa wa surukin oga, shi kuma aka ɗora masa rawayar hula aka ba shi baro.

Na ga surukin nan ya riƙe cokali kamar mai shirin ɗibar miya. Ya yaɓa kwaɓi, rabi a bango rabi a kan takalminsa mai sheƙi. Sufeto ya zagaya da littafinsa, ya tsaya a gaban Baba Owiti.

"Dattijo, wane aiki kake yi a nan?"

Baba Owiti ya dubi Okumu, ya dubi baro. "Lebura ne ni, ranka ya daɗe."

"Ana biyanka abin da ke allo?"

"Ana biya."

Sufeto ya rubuta, ya sa shi ya dangwala. Daga nan ya zo rumfata ya sha shayi, har ya yaba da ginin, ya ce maginan nan sun san hannunsu. Ni da nake da baki kamar reza, na zuba masa sukari na yi shiru, saboda Okumu ne ke ba da wurin rumfa. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Wata biyar bayan haka tari ya kwantar da Baba Owiti. Likita ya ce ƙurar dutse ce ta cika masa huhu, ta daskare. Tun da ya kwanta ba ya maganar ciwo, ba ya maganar abinci. Magana ɗaya ce ke cinsa. "Da bakina na faɗa, Nyar Seme. Ba wanda ya murɗe mini wuya. Jikokina za su tambaya me kakansu ya yi, a buɗe takarda a ga mai tura baro."

Washegarin zuwan Okumu na rufe rumfa na tafi ofishin kwadago. Na tarar da sufeton nan, kuma ba zan yi masa ƙage ba, ya saurare ni har ƙarshe. Ya jawo fayil ya nuna mini yatsan Baba Owiti.

"Mama, ga abin da ya faɗa da kansa. In ana so a canza, ko dai abokan aikinsa biyu su zo su ba da shaida, ko shi ya zauna jarrabawar sana'a ya kawo takarda."

"Wace jarrabawa? Ka je ka dubi bangon asibitin mana! Wa ya gina shi, aljanu?"

"Bango ba ya sa hannu, Mama."

Na bi sauran magina biyar ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce yaransa na makaranta, wancan ya ce sai an gama rufi tukuna, wani da ya hango ni ya shige bayan tulin yashi. Dukkansu Baba Owiti ne ya koya musu jan igiyar gini. Na zage su tas, amma a raina na san ni ma ba ni da bakin zagin kowa.

Da na faɗa wa Baba Owiti jarrabawar sai nan da mako shida, sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Yaran da na girme wa iyayensu ne za su duba ko na iya ɗora bulo? To zan je. A fito da ni waje in motsa hannu."

Bangon banɗakinmu na tsakar gida ya daɗe da zubewa, mai gida ya yi kunnen uwar shegu, buhu muka rataya a wurin. Muka tattaro tsoffin bulon, na sayo rabin buhun siminti. Nyar Alego tana kwaɓawa, ni ina miƙo bulo, shi yana kan kujera 'yar tsuguno. Sai ya ɗora ɗaya ya huta, ya ɗora ɗaya ya huta. Duk da haka faɗa yake mana.

"Nyar Alego, wannan kwaɓi ne ko kunu? Shekara talatin kina auren magini!"

"Magini nake aure, ban ce ni ce maginin ba," ta ce masa. Ranar ce kaɗai na ji dariyarta a watan nan.

Kwana uku ya yi layi biyar. A rana ta huɗu bai iya tashi ba. Ranar Talata da hantsi, ina soya albasa, na ji Nyar Alego ta kira sunansa sau biyu, na uku kuma ba kira ba ne.

Okumu bai bari an kwana biyu ba ya dawo da takardarsa da sassafe, wannan karon har da guntun hawaye. Dole a kai gawa gida Asembo, can ne kabarin iyayensa, kuma mota ba ta tafiya da addu'a. Abin da maƙwabta muka haɗa ko akwati bai kai ba. Nyar Alego ta dube ni, na kawar da kai. Ta sa yatsa a tawada ta dangwala a ƙasan kalmar da mijinta ya mutu yana ƙi. Ban ga laifinta ba, kuma ban yafe wa wanda ya kawo takardar ba.

Da rana na raka ta ofishin mai unguwa karɓar izinin binnewa. Wata yarinya ce a teburin, tana cika takarda ba ta ko kallonmu.

"Sunan mamaci?"

"Owiti Rabala."

"Shekaru?"

"Sittin da ɗaya."

"Sana'a?"

Nyar Alego ta juyo gare ni. Na ce, "Magini." Na gyara tsayuwa ina jiran yarinyar ta ce ina shaida, domin na riga na shirya abin da zan zazzaga mata. Ba ta nemi shaida ba. Ta rubuta, ta buga hatimin gwamnati, ta yage ta miƙo mana, ta ce na gaba ya matso.

Muka fito muka zauna a dakalin ofishin muna jiran mota. Nyar Alego ba ta yi boko ba. Ta shimfiɗa takardar a cinyarta ta ce, "Nuna mini inda yake."

Na nuna mata. Ta ɗora yatsanta a wurin, tawadar safe ba ta gama fita daga jikinsa ba. Motoci biyu suka tsaya suka wuce, ba ta ɗaga shi ba.