Ɗakin Inna a Saman Bene

"Wai kai ne ka mayar da Inna ɗakin ajiya?" Yaya ya daka wa Auta tsawa, ko jakarsa bai sauke ba.

"Ni ne. Sai me?"

"Na gina wa tsohuwa bene, ka kwantar da ita cikin tarkace?"

Auta ya dube shi sama da ƙasa: takalmi sai sheƙi, ga sabon tumbi. Shekara da shekaru Yaya yana ƙasar waje. Ta waya ya gina gidan nan, ana tura masa hoto yana cewa a ƙara hawa. Ɗakin Inna can sama ya sa aka yi, wai ta sha iska. Ya manta tana da ciwon gwiwa.

Haka layin nasu yake kaf. Benaye reras, masu su sun tafi nema, an bar tsofaffi suna gadin fenti. Makarantar unguwa ta rufe, ba yara. Ungozoma ta koma sayar da man zafi. Auta mai walda ne, amma yanzu aikinsa gyaran keken marasa lafiya. Tsohon kowa ya faɗi a banɗaki, shi ake kira, don shi kaɗai ya rage mai sauran ƙarfi.

"Kullum sai na goya ta na hau, na goyo ta na sauko," in ji Auta. "Bayana ya gaji. Kuma gobe zan tafi, na samu aiki a tashar jiragen ruwa."

"Ka tafi? Inna fa?"

"Au, ashe kai ma uwarka ce?"

Yaya ya tuɓe kwat a fusace. "Matsa, ɗan rainin wayo! Yau a ɗakinta za ta kwana."

Ya durƙusa ya goya Inna. Tun a tsakiyar matakala ya fara haki, amma bai manta abin da ya kawo shi ba.

"Ɗauke mu hoto, a tura wa 'yan'uwa!"

Auta ya ɗauka, ya taɓe baki.

A sama Yaya ya dire ta bisa gado, ya zube ƙasa riƙe da ƙugu, gumi na wanke baƙin da ya shafa wa furfurarsa. Inna ta leƙa taga. Titi wayam, ko mai talla babu. Ta juyo ta dubi 'ya'yanta.

"Sannunku da aiki. Wannan motarsa gobe, kai kuma jirginka jibi. To, ni wa zai sauko da ni?"